Maci Amanar Kimiyya

"Wato ajiye digiri na biyun za ka yi, ka tafi kamfanin sadarwa?" Farfesa ya ɗaga murya don sauran ɗalibai su ji. "Duk fiziks ɗin da na ɗura maka, ashe kujera mai juyawa kake nema! Madalla da maci amanar kimiyya."

Dogo ya kwashe littattafansa, ya tsallake bokitin da ke tarar yoyon ɗakin gwaji, ya fita kunya kamar ta kashe shi.

A ƙasan bene ya ji gudu a bayansa. Farfesa ne, yana haki. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Dogo, ɗana, a wajen naku suna ɗaukar masu furfura?"