Butar Shayin Baba Bakri

Hancin butar ne ya fara yoyo, shi ya sa Zuliha ta naɗe ta a tawul ta nufi shagon Sharfuddeen, tsohon maƙerin azurfa ɗan Indiya.

Ba buta ce ta wasa ba. Mahaifinta, Baba Bakri, ya saye ta a hannun wani alhaji ɗan Indiya shekarar da ya yi aure, azurfa zalla, jikinta duk furanni da rassan inabi. Yanzu mahaifiyar Zuliha ta rasu, idon Baba ya dushe, mantuwa kuma ta cinye shi. Ya manta unguwarsu ta Ƙurban a nan ƙasar Larabawa, ya manta 'ya'yansa maza, har yakan gaishe su kamar baƙi.

Zuliha kaɗai ta rage masa. Kullum bayan la'asar, in ta dawo daga kantin maganin da take aiki, sai ta dafa shayi da na'a-na'a ta ajiye a gabansa. Yakan miƙa hannu ya shafa cikin butar a hankali, sannan fuskarsa ta washe.

"Zuliha sarkin ɓarna, kin dawo?"

Wannan kalma take jira tun safe. Tsoronta ɗaya a duniya, ranar da za ta shigo bai faɗe ta ba.

Sharfuddeen ya juya butar a hannunsa kamar jaririya. Da guntun Larabcinsa ya gaya mata aikin mutanen garinsu ne: a cika cikin buta da narkakken ƙaro, in ya daskare a bi bayanta da 'yar guduma, fure bayan fure, watanni ana abu ɗaya. Liƙe hancin ba wuya. Sai yatsansa ya tsaya a wata lotsawa kusa da mariƙi. Ya ce wannan tsohuwa ce, har ta yi santsi, shi dai da a bar ta.

Zuliha kuwa mace ce da ba ta iya ganin labule a karkace ta wuce. Tun da ta yi wayo take ganin lotsawar nan, kuma tana ba ta haushi. Ta ce a gyara duka, Baba ya cancanci buta lafiyayya. Tsohon ya dube ta, ya ce khalas, wato shi ke nan.

Ya zura lanƙwasasshen ƙarfe ta bakin butar, ya yi ta bugu har wurin ya taso, ya sake fitar da furen da ya nutse. Ko shi da ya yi aikin sai da ya laluba bai gane wurin ba.

Ranar da ta karɓo ta, murna ta cika ta. Ta dafa shayi, ta ajiye, ta durƙusa tana jira.

Baba ya shafa. Ya sake shafawa. Ya juya butar, zafi na ƙona shi bai saki ba, babban yatsansa yana ta kai-komo kusa da mariƙi. Zuliha ta matso kusa da shi.

"Baba, ni ce."

Ya ture farantin shayin a hankali, cikin ladabin da yake yi wa baƙi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, kin yi ɓatan gida. 'Yata nake jira. Butarta tana da lotsawa a nan, ita ta yar da ita tana koyon tafiya, da ita nake gane ta."