Taɓaryar da Ke Makara

Kai Nafi'u, ka ishe ni da mita. Tun da ka zauna kake zagin yaran nan masu haɗa kiɗa a kwamfuta, wai sun kashe hip-hop, wai na asali ya tafi da zamaninku. Sha shayinka kafin ya huce, in ba ka misalin wani mutum da na sani, mai taurin kai irin naka sak.

Mutumin nan sana'arsa haɗa wa mawaƙan gambarar zamani kiɗa a Kaduna. Yana da wata tsohuwar na'ura mai madannai da ya sayo gwanjo a Legas, duk fentinta ya goge saboda duka. Da ita yake yanko guntayen sauti daga tsofaffin faya-fayan ƙasashen waje, ya jera su, ya buga da yatsunsa. Kiɗansa yana da wata alama: bugu na uku kullum sai ya ɗan makara, kamar mai tafiya yana jan ƙafa ɗaya. Wannan 'yar makarar ce ke sa mutum gyaɗa kai bai shirya ba, ko a cikin motar haya ka ji shi ka san hannunsa ne. Shi kuwa ya rantse sirrin yana cikin na'urar. Ƙanensa uwa ɗaya ya buɗe ɗan sutudiyo da kwamfuta, amma bai taɓa taka ƙofar ba. Cewa yake wannan kiɗan gwangwani ne, ba zai shiga inda ake ɓata sana'a ba.

Ana nan, wata Talata wuta ta dawo da ƙarfi, na'ura ta yi tartsatsi ta yi hayaƙi. Masu gyara uku suka duba, kowa ya ce sai haƙuri. Ga mawaƙin da suka shekara goma sha huɗu tare yana jiran kiɗan waƙar da zai buɗe wani babban taro da ita ranar Asabar. Cikin jin nauyi mawaƙin ya ce in bai samu ba zuwa Juma'a, dole ya nemi wani. Wallahi ba rasa aikin ne ya fi cin ran mutumin ba. Tsoro ne ya kama shi, kada duniya ta gane shi ba kowa ba ne in babu akwatin nan. Ya kashe waya, ya hau mota, ya tafi ƙauye wajen tsohuwarsa, wai gaisuwa.

Ya isa da hantsi, ya tarar ana surfen gero, za a yi suna a gidan. Mata uku ne a turmi ɗaya suna lugude, kowace na sauke taɓarya bayan 'yar'uwarta. Tsohuwa da aka ce ta huta ta ture ɗaya daga cikinsu, ta karɓe taɓarya, ta ce ba a haifi mai hana ta daka a gidanta ba. Shi dai yana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ya zuba tagumi. Can sai ya ji kansa yana gyaɗawa. Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta sauka, ta uku ta ɗan makara. Ya ɗago ido, sai ya ga ta ukun ta uwarsa ce. Kafaɗarta ta dama ta taɓa gocewa tun kafin a haife shi, ranar da ta zame a bakin rijiya, tun daga nan taɓaryarta ba ta sauka daidai da ta kowa. Ya ce, "Inna, dama haka kike daka?" Ta harare shi ta ce, "Ji shashasha! Shekara biyu kana goye a bayana ina wannan dakan, in na tsaya ka tsala ihu. Yau ka fara jin sa?"

Ya kunna wayar da ya kashe, ya ɗauki sautin lugude, ya koma gari. Bai zarce ko'ina ba sai sutudiyon ƙanensa, ya yi sallama a ƙofar da ya rantse ba zai taka ba. Ƙanen, ɗan albarka, kujera kawai ya ja masa. Ita kuwa kwamfuta da shegen wayonta, suna zuba mata sautin ta jera bugun daidai wa daida, ta goge makarar. Mutumin ya miƙe tsaye ya daka tsawa: "Kai, uwarmu za ka gyara? Mayar mini da ita yadda take!" Ƙanen ya yi dariya har da hawaye, ya ja bugu na uku baya kaɗan. Ranar Juma'a mawaƙi ya zo da fargaba, aka kunna masa. Ko minti ɗaya bai yi yana saurare ba ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe an gyara na'urar!"

To ka ji, Nafi'u. Shekara ashirin bawan Allah yana gode wa akwatin ƙarfe da faya-fayan wasu, alhali kafaɗar tsohuwa ce ta yi masa aikin, ko na gode bai taɓa ce mata ba. Ni ban ce duk abin da yaran nan ke fitarwa daɗi gare shi ba, wani kam ko ni sai na toshe kunne. Amma kafin ka tsare yaro da tambayar da me ya haɗa kiɗansa, kasa kunne tukuna ka ji a bayan wa aka goya shi. Hausawa sun riga sun gama magana: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.