Ranar da Kawu Ya Sa Ni Gaba

"Shiga gaba," in ji Kawu, yana ɗaura mini igiya a ƙugu. "Yau ke za ki kai mu gida."

Daɗi ya kama ni. Tun shigowar sanyi nake binsa kan tsaunuka ina koyon aikin jagora, bai taɓa bari na wuce shi ba. Sai yau, da guguwar dusar ƙanƙara ta haɗe sama da ƙasa.

"Kawu, ko hannuna ba na gani fa!"

"Wa ya aike ki gani? Ta ina iska ke marinki?"

"Kuncin hagu!"

"To ki bar ta nan. In ta dawo goshinki, sai mu gaisa a gindin kwazazzabo."

Na tuntsire da dariya, ƙanƙara ta cika mini baki. Na riƙa caka sanda, ƙafata na lalubo gangara. Da na yi karo da tulin duwatsun da makiyaya ke alamta hanya da su, na kurma ihun murna. Can sai ƙanshin hayaƙi, sai haushin karenmu.

Inna ta buɗe ƙofa. Na juya ina jiran yabo, na ga Kawu yana shafa bango, idanunsa sun kumbura sun yi jawur.

"Tun a saman tsauni hasken ƙanƙara ya ɗauke mini gani," in ji shi, yana murmushi, sannan ya juya wajen Inna. "Yaya, fara ba jagora shayi. Makaho ya jira."