Awon Bakin Baba

Farfesa ya ɗaga haɓar mahaifinsa da yatsu biyu, ya juya ta wajen hasken taga.

"Buɗe, Baba. Ƙara kaɗan."

Tsoho ya buɗe. Babu abin gani sai dasashi, sumul kamar na jariri. Rabon da hannun ɗansa ya taɓa shi, shi kansa lissafin ya ɓace masa. Hannun da sanyi, amma a hankali yake tafiya, har ya bi ta kan tabon nan mai kama da ƙugiya, wanda murfin mota ya bar masa a haɓa tun yana direba.

Farfesa ya fito da wani ƙarfe mai baki biyu, ya auna sama, ya auna ƙasa. Ya ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Ya tambaya yaushe haƙorin ƙarshe ya faɗi, me kuma yake iya ci.

Auta tana gefen gado tana murƙushe dankali da bayan cokali. Ta ce, "Abin da na murƙushe masa, Yaya. Da kana leƙowa da ka sani."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa," in ji Tsoho. "Ba ki ga awo yake ba? Haƙora za a yi mini."

Farfesa yana duba hotunan, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ko ruwan da aka kawo bai sha ba, mota na jiransa.

Kafin mako ya zagayo kowa a layin ya ji labari. Tsoho ya ce wa mahauci ya fara ajiye masa mai guringuntsi. Ba naman ne ya dame shi ba. Wanda ya yi awo, ai dole ya dawo ya gwada.

Damina ta wuce, ko biyu ne ma. Ba a dawo ba.

Wata rana da hantsi mahauci ya leƙo ya ce a kunna talabijin. Ga Farfesa riƙe da wani ƙoƙon kai da aka tono a wani kwari, na magabatan ɗan Adam, tun ba su san hura wuta ba.

"Wannan tsoho ya rasa haƙoransa kaf," in ji shi, "kuma ya daɗe a raye bayan haka. Ɗanyen nama ba ya taunuwa da dasashi. Wani ne yake tauna masa. Ranar da muka ƙi barin tsohonmu a baya, ran nan muka fara zama mutane."

Aka ɗauki tafi. Tsoho ya share ido da bakin riga. "Kin ji ɗana ko?"

Auta ta ci gaba da hura cokali.

Mai gabatarwa ya tambaya ta yaya aka san daɗewar.

"Mun gwada shi da bakin wani tsoho na zamaninmu," in ji Farfesa. "Na sha wuya kafin in samu. Yanzu duk mai gata an yi masa haƙoran roba."

Sai aka hasko hotuna biyu kusa da juna: ƙoƙon kan, da wani buɗaɗɗen baki mai tabo kamar ƙugiya a haɓa.