Kujera ta Bakwai

"Ciwon kai? A gidan kallon ƙwallo ka yi jinyarsa?" in ji Inna.

"Ai mutum shida sun isa, Inna," Sallau ya ce, kansa a sunkuye.

Ya san ba su isa ba. Tun da shari'a ta koma hannun 'yan unguwa bakwai da na'ura ke zaɓa, duk wanda bai zo ba, ana ƙirga kujerarsa cikin masu cewa "ya aikata". Haka aka ɗaure Tanimu tela jiya: uku da uku, kujerar Sallau ta raba gardama.

Sai ga sallama. Matar Tanimu ce, riƙe da sabuwar rigar Sallau, ɗinkin mijinta na ƙarshe.

"An ce har da kai aka zaɓa," ta ce. "Kana cikin ukun da suka tsaya masa, ko?"