Ihun Ƙofar Mai Albasa

Ka ce tun da aka ambaci bincike a wurin aikinku wani ya kasa zama wuri ɗaya, alhali ba a kira sunan kowa ba. To, zauna in ba ka misali.

An yi wani ɗan kasuwar albasa da yake kai kaya kudu. Da zai tashi wata tafiya, 'yarsa ta ba shi wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, bakinta a fiƙe kamar na gatari. Ta ce in ya shiga ɗaki ya cusa ta ƙarƙashin ƙofa daga ciki, duk wanda ya turo ƙofar zai danne ta, ita kuwa sai ta fasa ihu. Ya karɓa don kada ranta ya ɓaci, ya jefa a jaka, yana cewa a ransa shi da ya kwana a tasha ya kwana a bayan tirela, ba yau abin wasan yara zai fara tsaronsa ba.

Ya sauka a wani masaukin fatake, ya tarar gidan a hargitse. Kullum sai wani abu ya yi ƙafa: yau tocila, gobe agogo, jibi takalmin da aka ajiye a bakin masallaci. Zargi duk ya tattaru a kan tsohon mai gadi, don shi ne ba ya fita ko'ina, har mai gidan ya ce masa in aka sake rasa ko allura ya naɗe tabarmarsa. Tsohon nan da aikin yake ciyar da jikoki, sai ya bi ya rame, ko gaisuwa ba ya amsawa da ƙarfi. Wanda ya fi kowa zafi a kan maganar kuwa wani baƙo ne da ya daɗe a gidan, mai babbar riga da kwantaccen saje, wanda ba a san sana'arsa ba amma an san muryarsa. In an zauna cin tuwo shi ke tsara hukuncin da ya dace da ɓarawo, har yana nuna yadda za a ɗaure shi a jikin darbejiyar tsakar gida. Duk wanda aka yi wa sata, shi ke fara zuwa yi masa jaje.

Da mai albasa ya ji haka, sai ya tuna da kyautar 'yarsa. Ranar kasuwa bayan azahar, rana ta take, kowa ya shige ɗaki neman inuwa. Ya waiga ya ga ba mai kallonsa, ya cusa abar ƙarƙashin ƙofa, ya miƙe a katifa. Ashe ragon mai gida ya tsinke igiya, ya biyo ƙanshin ƙuli-ƙulin da ke ɗakin. Ya sunsuna ƙofa, ya ja da baya, ya sa ƙaho ya doke ta. Abar nan ta ƙwala wata irin ƙara, sak jiniyar motar 'yan sanda. Mai albasa ya zabura ya yi karo da bango, ya ma manta shi ya ɗana ta. Rago ya yi waje da gudu. Fatake suka firfito, wani da zane a wuya, wani da hula a hannu, suka tsaya cirko-cirko suna tambayar juna abin da ya faru.

Mutum ɗaya ne bai tsaya tambaya ba. Mai babbar riga yana can ƙarshen gida, nesa da ɗakin da ake ihun, yana tafiyarsa ta ƙasaita zai fita kasuwa. Da jin jiniya sai ya tattare riga ya zura da gudu, ga ƙofar gida a buɗe amma ya nufi katanga. Ya kama zai haye, rigar ta maƙale, ya dawo ƙasa tim. Sai ga tocila ta gangaro daga cikin riga. Sai agogo, sai rediyo, sai takalma ƙafa uku waɗanda ba wanda ya dace da wani, har da cokalin mai tuwo da aka yi mako ana nema. Tun kafin a tuhume shi, shi da kansa ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Wallahi tsintar su na yi, cigiya zan kai." Wani bafatake ya sunkuya ya ɗauki agogonsa, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. A ƙarƙashin matashina ka tsince shi ko?"

Duk wannan abin na'ura ba ta yi shiru ba, don mai albasa bai saurari 'yarsa ba lokacin da take nuna masa inda ake kashewa. Ya danne ta da matashi, ya naɗe ta a bargo, daga ƙarshe ya tura ta cikin buhun albasa ya zauna a kai. Mai gida ya je har rumfar tsohon mai gadi ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Da aka tambayi tsohon ko a ɗaure mutumin, ya ce a ƙyale shi, faɗuwar da ya yi ta ishe shi, a dai taimaka wa baƙon ya nemo hularsa da ta faɗi. Kafin la'asar baƙon ya bar garin ba sallama.

Ka ga dai ƙarar nan ba don shi aka yi ta ba, kuma kunnen kowa ya ji ta. Masu gaskiya sun tsaya suna tambaya, shi kaɗai ya nemi katanga. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.