Bulala Uku a Kan Ƙarfe

Shekarar da Lafiya ta zama hedikwatar jiha, malamin kimiyya ya yi mini bulala uku don na ce ƙarfe daga sama ya sauko. Da la'asar na kai kukana maƙerar Baba. Ya ɗora mini bakin fartanya mai ɗumi a tafin hannu, ya ce, "Allah ne ya saukar da shi. Riƙe maganarka."

Bana malamin, yana dogara sanda, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce ya karanta cewa a cikin taurari ƙarfe ke samuwa, sai sun fashe yake warwatsuwa, har ya shigo cikin duniyarmu.

"Ɗan maƙeri, kai ke da gaskiya. Yafe mini ukun nan."

Na yafe masa ina dariya, ɗumin fartanyar marigayi Baba har yanzu yana tafin hannuna.